Babi na Bakwai: Wa Ke Turo Saƙon Ƙarfe Biyun Dare?

Kusan duk mai riƙe da waya ya taɓa yin wannan tambayar, ko da a zuci ne. Mutum yana tsakiyar barci wayarsa ta yi ƙara, ya duba ya ga kamfanin layinsa ne ke sanar da shi cewa datarsa za ta ƙare gobe. Ko kuma ranar ɗaya ga wata, tun kafin kiran assalatu, banki ya turo masa bayanin shige da ficen kuɗinsa na watan jiya. To wa ya turo? Akwai wani ma'aikaci ne da aka ajiye a ofis, ya hana idonsa barci yana jiran lokaci ya yi ya danna maɓalli?

Babu kowa a ofishin. Wani ne ya zauna wata rana, wataƙila shekaru da suka wuce, ya rubuta wa na'ura cewa duk lokaci kaza ta yi abu kaza, ya tashi ya kama gabansa. Babin nan zai bi diddigin yadda ake yin haka a kwamfutocin gajimare, wato manyan kwamfutocin kamfanoni irin su Amazon da Google da Microsoft waɗanda ake amfani da su ta intanet, ba tare da mutum ya sayi na'ura ko ya kama hayarta wata-wata ba. Zan faɗa tun yanzu cewa rubuta jadawalin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, don layi ɗaya ne. Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da aikin ya tashi a makare, ko ya tashi sau biyu, ko ya ƙi tashi sam kuma babu wanda ya sani.

Tsohon agogo

Dabarar ta daɗe. Tsarin Unix, wanda aka ƙera a ɗakunan bincike na Bell a Amurka, yana ɗauke da wata 'yar manhaja mai suna cron, kuma tana cikin bugu na bakwai na tsarin, wanda ya fito a 1979. Aikinta bai taka kara ya karya ba. Duk bayan minti ɗaya sai ta farka ta karanta wani fayil da aka jera ayyuka da lokutansu a ciki, in akwai wanda lokacinsa ya yi ta tayar da shi, ta koma ta kwanta. A 1987 Paul Vixie ya sake rubuta ta, kuma nasa samfurin ne ya bazu cikin kwamfutocin Linux, waɗanda ke ɗauke da ɗimbin shafukan intanet a yau.

Sharaɗin cron ɗaya ne: kwamfutar da take ciki ta kasance a kunne. In aka ɗauke wuta bakwai saura minti biyar, aka dawo da ita bakwai da kwata, to aikin ƙarfe bakwai ya wuce ke nan, domin cron ba ta rama abin da ya kuɓuce mata. Duk wanda ya taɓa dogara da kwamfutar da ke ajiye a shago a Kano ko Maraɗi ya san abin da hakan ke nufi. Shi ya sa masu rubuta manhaja suka saba kama hayar uwar garke, wato kwamfutar da ke zaune a cibiyar bayanai inda wuta ba ta yankewa, suna biya duk wata.

Mu ɗauki misalin da za mu riƙe har ƙarshen babin. Wata uwar adashi a Kano tana da mutum ɗari biyu, ana zubi duk Juma'a. Ƙanenta, wanda ya iya rubuta manhaja, ya haɗa mata wani ɗan shiri da zai tura wa kowa saƙon tuni da ƙarfe bakwai na safiyar ranar zubi. Shirin yana gama aikinsa cikin daƙiƙa talatin. Mako guda kuwa daƙiƙa 604,800 ne. In aka kama hayar uwar garke don wannan aikin kaɗai, ana biyan kuɗin mako cur domin aikin rabin minti, ga kuma ɗawainiyar kula da kwamfutar: sabunta ta, toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi, duba ko ma'ajiyarta ta cika.

Kai niƙa

A watan Nuwamban 2014 Amazon ya fito da wani tsari mai suna Lambda. Microsoft ya biyo baya da Azure Functions a 2016, Google ma ya kawo nasa, Cloud Functions. Tunanin da ke ƙarƙashinsu duka ɗaya ne. Ka rubuta guntun shiri mai aiki ɗaya tak, wanda masu sana'ar ke ce wa fankishin, mu kuma a littafin nan muke kira ɗan aike. Ka ɗora shi a wurin kamfanin. Duk sanda aka kira shi, kamfanin zai samo masa wuri a cikin dubban kwamfutocinsa, ya gudanar da shi, ya ƙirga lokacin da ya ci, ya caje ka kuɗin wannan lokacin kawai. Tun Disamban 2020 Amazon da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yake yin wannan ƙirgar.

Matar da ke son garin tuwo ba ta sayen injin niƙa. Takan aika da kwanon masararta, a niƙa, a biya kuɗin kwano ɗaya, a dawo gida. Man injin, da gyaransa, da haƙorin da ya cinye, duk matsalar mai inji ce. Haka wannan tsarin yake. Kwamfutocin suna nan daram, sai dai kula da su ya fita daga wuyanka.

Amma akwai abin da aka rasa a cinikin. Ɗan aiken da ba a kira ba, ba ya kunne a ko'ina, saboda haka ba shi da yadda zai duba agogo ya san Juma'a ta yi. Dole a sami wani a waje da zai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wannan shi ne mai jadawali, kuma kowane kamfani da nasa. Amazon ya fara da CloudWatch Events a 2016, ya faɗaɗa shi zuwa EventBridge a 2019, sannan a Nuwamban 2022 ya fitar da EventBridge Scheduler wanda jadawali ne kaɗai aikinsa. Google yana da Cloud Scheduler tun 2018. A Azure agogon yana haɗe cikin tsarin Functions ɗin kansa. Cloudflare ma ya ƙara irin wannan ga tsarinsa na Workers a 2020.

Bayan ɗan aike da mai jadawali, akwai abu na uku da masu koyo ke yawan mantawa: izini. Sai an rubuta ƙarara cewa wannan jadawalin yana da ikon kiran wannan ɗan aiken. In ba a yi ba, lokaci zai yi, a ƙwanƙwasa, ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Gurabe biyar

Abin sha'awa shi ne duk waɗannan sababbin tsare-tsaren da harshen tsohuwar cron suke magana. Jadawali layi ne mai gurabe biyar, daga hagu zuwa dama: minti, awa, ranar wata, wata, ranar mako. Alamar tauraro a gurbi tana nufin "kowanne". Ga jadawalin uwar adashinmu:

0 7 * * 5

Minti sifili, awa ta bakwai, kowace ranar wata, kowane wata, rana ta biyar a mako. A lissafin cron Lahadi ce sifili, Litinin ɗaya, har zuwa Juma'a biyar da Asabar shida. Da ana son aikin ya riƙa tashi duk minti goma sha biyar, sai a rubuta */15 a gurbin farko a cika sauran da taurari. Iyakar nahawun ke nan, kuma mutum zai iya koyon sa a zama ɗaya.

Sai dai harshen yana da karin gari-gari, kuma a nan ake fara tuntuɓe. Cloud Scheduler na Google yana bin gurabe biyar ɗin nan na asali. Na Amazon gurabe shida ne, an ƙara shekara a ƙarshe. Na Azure ma shida ne, amma shi daƙiƙa ya ƙara a farko. Wato layi ɗaya mai gurabe shida yana iya nufin abu biyu daban, ya danganta da inda aka liƙa shi. Wanda ya fi wannan cizo shi ne ƙirgar ranakun mako. A wurin Amazon Lahadi ce ɗaya, don haka biyar Alhamis ce. Ƙanen uwar adashi in ya kwafi lambar biyar daga tsohon jadawalinsa ya kai ta can, mutum ɗari biyu za su tashi ranar Alhamis da saƙon cewa yau ne zubi, kuma na'ura ba za ta nuna wani kuskure ba, domin abin da aka ce ta yi ta yi. Shawarata ita ce a daina rubuta ranakun mako da lamba in dai tsarin ya yarda da haruffa. A Amazon sai a rubuta:

cron(0 7 ? * FRI *)

Alamar tambayar da ke gurbi na uku tana da tarihinta. A cron ta asali, in aka cika gurbin ranar wata da na ranar mako a tare, misali 0 7 1 * 5, mai karatu zai zaci ana nufin Juma'ar da ta faɗo ranar ɗaya ga wata. Ita kuwa cron abin da take fahimta shi ne duk ranar ɗaya ga wata, da kuma duk Juma'a. Amazon ya rufe wannan ramin ta hanyar tilasta a sa alamar tambaya a ɗaya daga cikin guraben biyu.

Bakwai na wane gari?

Mun ce ƙarfe bakwai, amma ba mu ce na ina ba. Kwamfutocin gajimare da lokacin duniya na bai-ɗaya suke aiki, wanda ake taƙaitawa da UTC, sai fa in an gaya musu wani. Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaban UTC da awa ɗaya, Ghana tana daidai da shi, Sudan tana gabansa da awa biyu. Jadawalin da aka rubuta wa bakwai aka manta da shiyyar lokaci, takwas zai tashi a Kano, tara a Khartoum.

Ana iya cewa ai gyaran mai sauƙi ne, a rubuta shida a wuce wurin. Ga aikin safiya haka ne. Amma a dubi aikin da ake so ya tashi sha biyu da rabi na dare, farkon shigar ranar Juma'a a Kano. A agogon UTC wannan sha ɗaya da rabi ne na daren Alhamis, don haka ba awa kaɗai za a canja ba, har da rana. In kuma aikin na ranar ɗaya ga wata ne, to a UTC ya koma ranar ƙarshe ta watan jiya, wadda wani lokaci 30 ce, wani lokaci 31, a Fabrairu 28 ko 29. Matsalar ma ba ta tsaya a jadawali ba. Ɗan aiken kansa in ya tambayi kwamfutar da yake ciki "yau nawa ga wata?", amsar UTC za ta ba shi, wato jiya. Da haka ake samun rahoton wata da ya ɗebo lissafin watan da ba shi ba.

Mafita ita ce a yi amfani da mai jadawalin da ke karɓar sunan shiyya. Cloud Scheduler da EventBridge Scheduler duk suna karɓa, amma tsofaffin ƙa'idojin EventBridge da na Cloudflare da UTC kaɗai suke aiki. Sunayen daga wani kundi suke fitowa wanda hukumar IANA ke riƙe da shi, kuma kusan duk kwamfuta da waya a duniya da shi suke dogara. Namu a can shi ne Africa/Lagos.

Mu a nan Allah ya hutar da mu canjin agogo, amma ba kowa ba. A Ingila, ranar Lahadin ƙarshe ta Maris agogo na tsallakewa daga ƙarfe ɗaya na dare zuwa biyu, saboda haka babu ɗaya da rabi a wannan daren. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma a mayar da shi baya, ɗaya da rabi ta zo sau biyu. EventBridge Scheduler yana tsallake aikin da ya faɗa cikin awar da ta ɓace, yana kuma yin na awar da ta maimaitu sau ɗaya kawai. In uwar adashinmu tana da 'yan zubi a Landan, tazarar da ke tsakaninsu da Kano awa ɗaya ce da hunturu, da bazararsu kuma babu tazara ko kaɗan. Gwamnatoci ma kan sauya lokaci da doka: Sudan ta ja agogonta baya da awa ɗaya a Nuwamban 2017, Masar ta dawo da canjin agogon bazara a 2023. Wanda ya rubuta sunan shiyya, kundin IANA zai ɗauke masa wannan nauyin. Wanda ya yi lissafin awanni da hannunsa ya binne a cikin jadawali, sai ya bi kowane canji da kansa.

Abin da jadawali bai iya faɗa ba

Cron kalandar Miladiyya ta sani, da makon kwana bakwai. Rayuwarmu kuwa ta fi haka faɗi.

A ce adashin na duk kwana goma ne. Mai koyo zai rubuta */10 a gurbin ranar wata, yana ganin ya gama. Abin da zai samu shi ne ranakun 1 da 11 da 21 da 31, sannan ƙirga ta koma farko da shigar sabon wata. Bayan zubin 31 ga Janairu, washegari ma ranar zubi ce. Daga 21 ga Fabrairu zuwa 1 ga Maris kuma kwana takwas ne a yawancin shekaru. Haka "duk mako biyu" ba shi da yadda za a faɗe shi a gurabe biyar ɗin nan. Wanda ya rubuta 31 yana nufin ƙarshen wata, aikinsa sau bakwai zai tashi a shekara, domin watanni bakwai ne kaɗai ke kai wa 31. Amazon yana da wasu ƙarin kalmomi da ke rage wahalar, kamar harafin L mai nufin ranar ƙarshe ta wata, da rate(10 days) mai ƙirga tazara ba tare da duba kalanda ba.

Lokutan salla sun fi wannan wuya. Magariba tana matsawa a hankali cikin shekara, kuma ta Maiduguri tana riga ta Sakkwato da kusan rabin awa duk da agogonsu ɗaya. Babu layin cron da zai ce "minti goma kafin faɗuwar rana". Farkon Ramadan kuwa a Nijeriya sai an ga wata, Sarkin Musulmi ya yi sanarwa, abin da babu jadawalin da zai sani tun watanni kafin ranar.

Dabarar da ke warware duk waɗannan ɗaya ce, kuma ina ganin ta fi kowace dabara a babin nan amfani. A bar jadawali ya zama mai sauƙi, a mayar da hukunci cikin ɗan aike. Jadawali ya tashe shi kullum da asuba. Shi kuma ya duba rumbun bayanai: kwana nawa ke nan da zubin ƙarshe? Yau ranar hutu ce? An shigar da sanarwar ganin wata? In babu abin yi ya koma, kuma kiran da bai kai daƙiƙa ɗaya ba kusan kyauta ne. Ga lokutan salla, ɗan aiken asuba zai lissafa lokutan wannan ranar ga kowane gari, ya ƙirƙiri jadawalai na tashi-ɗaya, kowanne ya yi aikinsa a mintin da aka sa masa, shi ke nan ya gama.

Aƙalla sau ɗaya

Yanzu mun iso wurin da ya fi cancantar a natsu. Kamfanonin nan ba sa alkawarin cewa za su kira ɗan aikenka sau ɗaya tak. Google ya rubuta a bayanin Cloud Scheduler cewa abin da yake lamunta shi ne aƙalla sau ɗaya, wato jefi-jefi yana iya zama biyu. Ba sakaci ne ya kawo haka ba. Mai jadawali ya aika da kira, ya jira amsa, amsa ba ta zo ba. Daga inda yake ba shi da hanyar sanin ko kiran ne ya ɓace a hanya, ko an yi aikin amsar ce ta ɓace. Zaɓi biyu gare shi: ya yi shiru, wataƙila aikin bai yiwu ba, ko ya sake kira, wataƙila a yi sau biyu. Masu ƙera tsarin sun zaɓi na biyu.

Ga kuma wata hanyar maimaituwa da ta fi wannan yawa. Idan ɗan aike ya faɗi a tsakiyar aiki, Lambda kan sake gwada shi har sau biyu a irin wannan kiran, sai fa in an hana shi. Mu koma safiyar Juma'a. Ɗan aike ya ɗauko sunaye ɗari biyu ya fara turawa. Ya kai na ɗari da ashirin sai ya ci karo da lambar waya da aka shigar da harafi a cikinta, ya faɗi. Bayan ɗan lokaci aka sake tayar da shi, ya fara daga farko, ya sake faɗuwa a wuri guda. Aka sake na uku. Kafin bakwai da kwata, mutum 119 sun sami saƙo uku-uku, mutum 81 ba su sami ko ɗaya ba, uwar adashi kuma wayarta ta ɗau zafi da kira. Wannan ma saƙon tuni ne. A ce aikin cire kuɗin zubi ne daga asusun kowa, an ciri na wasu sau uku, amanar da matar ta shekara tana ginawa ta rushe a safiya ɗaya.

Maganin shi ne a gina aikin ta yadda maimaita shi ba ya ƙara komai. Kowane abu da za a yi a ba shi shaida tasa ta kansa, misali lambar ɗan adashi haɗe da kwanan watan zubin. Kafin ɗan aike ya taɓa kowa, ya duba rumbun bayanai ko wannan shaidar tana nan. In tana nan, an riga an yi, ya wuce na gaba. A kuma sa rumbun kansa ya ƙi karɓar shaida ɗaya sau biyu, domin in 'yan aike biyu suka tashi a tare, kowanne zai iya dubawa ya ga babu kafin ɗayan ya rubuta. Kwanan watan da za a sa cikin shaidar a ɗauko shi daga lokacin da aka tsara aikin, wanda mai jadawali ke iya turowa tare da kiran. In aka ɗauko daga agogon lokacin da ake ciki, gwaji na biyu da ya tsallaka tsakar dare zai ƙirƙiro sabuwar shaida, a koma gidan jiya. Sannan lamba ɗaya mai matsala kada ta kayar da aikin duka: a rubuta ta gefe, a ci gaba da sauran.

Akwai sauran wata 'yar kafa da ba ta toshuwa gaba ɗaya. Tura saƙo da rubuta shaida abu biyu ne, dole ɗaya ya riga ɗaya. In an rubuta shaida kafin a tura, aka faɗi a tsakani, mutumin ba zai sami saƙo ba har abada. In an tura kafin a rubuta, aka faɗi a tsakani, zai samu sau biyu. Na'ura ba za ta yanke wannan hukuncin ba, mai aikin ne zai auna wanne ya fi sauƙin ɗauka. A saƙon tuni, gara mutum ya samu sau biyu da ya rasa. A harkar kuɗi kuwa, sai a miƙa shaidar ga kamfanin biyan kuɗin a matsayin lambar ciniki. Paystack, alal misali, yana ƙin karɓar ciniki biyu masu lamba ɗaya, don haka ko an sake aikawa ba za a ciri kuɗi karo na biyu ba.

Shirun da ba na lafiya ba

Ɗan aiken da ya faɗi yana barin rahoto, ana iya sa ƙararrawa ta buga a kansa. Wanda ba a tayar ba kwata-kwata ba ya barin komai. Wani ya kashe jadawalin yana gwaji ya manta bai kunna ba. An gyara izini an cire wanda bai kamata ba. Katin biyan kuɗi ya daina aiki an dakatar da asusun. GitHub Actions, wanda mutane da yawa ke amfani da shi wajen irin wannan aikin, yana kashe jadawalin buɗaɗɗen rumbun manhaja da kansa in aka yi kwana 60 ba a taɓa rumbun ba. A duk waɗannan babu saƙon kuskure da zai zo. In aikin ajiye kwafin bayanai ne duk dare, ranar da za a gane ya daina ita ce ranar da ake neman kwafin ruwa a jallo.

Saboda haka sai a juya ƙararrawar. Maimakon ta buga in an ji mugun labari, ta buga in ba a ji labari ba. Ɗan aike in ya gama, ya aika da ɗan gajeren saƙo zuwa wani mai sa ido cewa ya gama. Mai sa idon ya san cewa duk Juma'a kafin bakwai da rabi ya kamata ya ji daga gare shi, in bai ji ba ya nemi mai aikin a waya ko imel. Healthchecks.io da Cronitor wannan ce sana'arsu. Ya fi kyau mai sa idon ya kasance a wani kamfani daban, don kada abin da ya kayar da aikin ya kayar da shi tare. Saƙon gamawar kuma ya zo a ƙarshen aiki, bayan an ƙirga. Ɗan aiken da ya ɗauko sunaye sifili ya tura saƙo sifili ya ƙare lami lafiya a idon na'ura, amma Juma'ar ta lalace.

A kuma tanadi hanyar ramuwa tun kafin a buƙace ta. Ɗan aike ya zama yana karɓar kwanan wata daga waje, ta yadda mutum zai iya kiran sa da hannu ya ce "yi na Juma'ar da ta wuce". In an gina shaidun nan da muka ambata, yin haka ba shi da haɗari, don waɗanda aka riga aka yi wa za a tsallake su. Da wannan hanyar ma ake gwaji, ba sai an jira Juma'a ta zagayo ba.

Makara kuwa a sa ta cikin lissafi. Yawancin masu jadawali da minti suke aiki, ba da daƙiƙa ba, kuma kan awa shi ne lokacin da kowa ke zaɓa. GitHub ya faɗa a bayanansa cewa ayyukan da aka tsara suna iya jinkiri a lokutan cunkoso, musamman farkon kowace awa. In babu dalilin da ya sa dole sai bakwai cif, a sa bakwai da minti bakwai.

Kuɗi, da iyakar minti goma sha biyar

Kuɗin jadawalin kansa bai kai a damu da shi ba. Aikin da ke tashi duk minti biyar, kira 288 ne a rana, 8,640 a watan kwana talatin, alhali Amazon ya daɗe yana ba da kira miliyan ɗaya kyauta duk wata a Lambda. Cloud Scheduler yana barin jadawali uku kyauta. Inda kuɗi ke tafiya shi ne abin da ɗan aiken ke taɓawa: kuɗin kowane saƙon tes, da rumbun bayanan da ke kunne dare da rana. Ɗan aike mai kuskure da ke tura saƙo duk minti ɗaya zai iya cinye kuɗin wata kafin gari ya waye, don haka a sa iyakar kashewa da faɗakarwarta tun ranar farko.

Iyakar da ta fi taɓa tsarin aiki ita ce ta lokaci. Lambda yana yanke duk ɗan aiken da ya wuce minti goma sha biyar, ko ya gama ko bai gama ba. A tsarin Azure na biya-gwargwadon-amfani na asali iyakar minti goma ce. Akwai kuma haɗarin aikin da ke cin minti bakwai alhali ana tayar da shi duk minti biyar: na biyu zai tashi na farko bai sauka ba, su haɗu a kan bayanai ɗaya.

Da mutum ɗari biyu, uwar adashinmu ba za ta kusanci wannan iyakar ba. Amma a ce abin ya karɓu, ƙungiyoyin adashi daga Zariya har Damagaram suka shigo, sunaye suka kai dubu ɗari biyu. Ɗan aike ɗaya ba zai bi su ɗaya bayan ɗaya cikin minti goma sha biyar ba. A nan aikin wanda jadawali ke tayarwa yakan sauya: ya daina tura saƙo da kansa, ya koma rarraba sunayen ƙulli-ƙulli yana jera su a layi, wasu 'yan aike masu yawa suna ɗauka suna yi a lokaci guda. Yadda ake gina wannan layin, da abin da ake yi da ƙullin da ya ƙi yiwuwa bayan an gwada an sake gwadawa, shi ne abin da Babi na Takwas zai ɗauka.